Gidan Alhaji Sodangi a Bayan Mota

A wata ranar Laraba cikin shekarar 1962, bayan an tashi daga makaranta, Rekiya ta biyo ta tashar motar Dutsin-Ma riƙe da kwalbar man gyaɗa da Gwaggo Kande ta manta a gida.

Rekiya 'yar Kurfi ce, ɗiyar Alhaji Sodangi mai fataucin hatsi. Ta gama makarantar horon malamai mata, aka turo ta Dutsin-Ma tana koyar da 'yan aji ɗaya. Wurin yayar mahaifinta take zaune, wato Gwaggo Kande, wadda ta shekara da shekaru tana tuyar waina a bakin tasha.

Kusa da tandar Gwaggo akwai wata rumfa inda ake yi wa manyan motoci rubutu da ado. Rekiya ta sha wucewa ta gabanta ba ta ko waiga ba. Ran nan kuwa sai idonta ya faɗa kan wata takarda da aka kafe da ƙusa a jikin ginshiƙi, ta ja ta tsaya.

Hoton wani titi ne na ƙasar Turawa, an yago shi daga kalanda. Amma titin shunayya ne. Itatuwan gefensa jajaye ne kamar an fere su. Gidajen sun karkace suna jingina da juna, keken doki ruwan ɗorawa na gangarowa, ga mutane birjik suna tafiya, kuma babu ko ɗaya mai ido ko hanci ko baki.

"Subhanallahi," ta ce, ba ta san a fili ta faɗa ba. "Wa ya ɓata wannan hoto haka?"

Saurayin da ke duƙe kan wani allon katako ya ɗago. Dogo ne siriri, da ɗigon koren fenti a girarsa ta hagu.

"Ba a ɓata shi ba, Malama. Haka mai shi ya zana shi."

"Da gangan?"

"Da gangan. An rubuta a ƙasa, ya kai shekara hamsin da yin shi. Wai har tafiya ake yi daga gari zuwa gari don a kalle shi."

Rekiya ta sake duban hoton, ta dubi saurayin, ta ga ba wasa a fuskarsa.

"To ko dai mutumin ba shi da lafiya?"

Ya yi dariya har buroshin hannunsa ya ɗiga a kan takalminsa. Ya juyo mata da allon da yake aiki a kai. Titin nan ne dai yake kwaikwaya, sai dai nasa ya fito a sandare, kamar an zana shi da igiyar magina.

"Watana uku ina fama," ya ce. "Hannuna ya saba da baƙaƙe, komai sai ya miƙar da shi. Sunana Ilu."

Ba ta faɗi nata ba. Ta sunkuyar da kai ta wuce wurin Gwaggo, ta miƙa kwalbar, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno kamar wadda ta yi gudu.

"Ke lafiya?" in ji Gwaggo tana juya waina. "Kin ga aljani?"

"Wani hoto na gani, Gwaggo."

"Hoto ko mai hoto?"

Rekiya ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska.

Kwana da kwanaki titin nan bai bar ta ba. Tana rubuta baƙaƙe a allon aji, jajayen itatuwa na tsaye a idonta. Haushin hoton take ji, amma ta kasa daina tunaninsa. Ranar Asabar ta ce wa Gwaggo ko za ta tambayar mata mai rumfar aron takardar nan na kwana biyu.

Gwaggo ta dawo da yamma da takardar a naɗe, da buroshi biyu da suka tsufa, da guntun fenti a gwangwanayen madara, da kwalaye da aka yanka daidai girman hoton.

"Ya ce in kin yi, ki aiko ya gani. Ni dai na zama motar kaya."

Rekiya ta shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki ta fara. Na farkon da ta gama ya yi kyau a idonta: ta miƙar da gidajen, ta yi wa kowane mutum ido da baki. Gwaggo ta tafi da shi cikin kwandon waina. Da ya dawo, akwai rubutu da fensir a bayan kwalin.

"Malama, gidajenki sun miƙe kamar yara a layin safe. Na Baturen tafiya suke yi. Ki bar rula a makaranta. Ilu."

Ta ciji leɓe, ta ɗauki sabon kwali. Da ta gama ta rubuta a baya:

"Malam Ilu, na bar rula. Amma mutanen nan marasa fuska tausayi suke ba ni, shi ya sa na yi masu ido. Rekiya."

Amsa ta zo washegari.

"Da kika yi masu ido sai suka tsaya cak suna kallona. Ki shafe, ki ga ko za su ci gaba da tafiya. Na gode da sunan, ya fi hoton kyau."

Ta shafe idanun da ɗan yatsa, ta jingina kwalin a bango, ta ja da baya. Mutanen sun motsa. Wata mace mai laima da ɗazu take tsaye kamar gunki, yanzu sauri take, har kana jin ta makara.

Daga nan ta shiga koyo haiƙan. Ta gane ba a farawa da layi, da manyan shafe ake farawa, a bar ƙanana sai ƙarshe. Ta gane ja ba ya yin ja sosai sai an ajiye kore a gefensa. Ta koyi lumshe ido rabi, don ta ga inda haske ya zauna da inda ya gudu. Da shuɗin fentinta ya ƙare, ta jiƙa bular wankin Gwaggo da ƙaro ta ci gaba, Gwaggo na faɗa tana neman bularta.

Wata la'asar tana fitowa daga aji ta dubi inuwar darbejiya a bangon makaranta, ta tsaya kamar an dasa ta. Duk rayuwarta ta ɗauka inuwa baƙa ce. Wannan kuwa shunayya ce, irin ta titin nan sak. Ta dubi inuwar dutsen garin, ita ma haka. Ta koma gida, ta rubuta a bayan kwali:

"Malamina, ashe mutumin lafiyarsa ƙalau. Mu ne ba mu duba ba."

Shi kuma ya amsa:

"Shuɗiyata, kin wuce ni tun kwali na biyar, na dai ji kunyar faɗa. Yau ina rubuta Allah Ya Kiyaye Hanya a goshin mota, na kusa sa sunanki a tsakiya. Ko Gwaggo za ta yarda in zo gaishe ta ranar Juma'a bayan la'asar?"

Gwaggo ba ta iya karatun boko ba, amma da ta ga Rekiya ta karanta ta kifa kwalin a cinya, sai ta ce, "Ce mashi ya zo. Amma ya wanke girar nan tukuna."

Haka Ilu ya fara zuwa zance a zauren Gwaggo. Ɗan manoman Wurma ne, maraya, kawunnansa suka rene shi. Wani direba ya tafi da shi Zariya yana yaro, can ya koyi rubutun mota, can kuma ya tsinci kalandar a wani kanti za a zubar. Ba shi da yawan magana, amma in ya ɗauki kwalinta yana dubawa, sai ya manta da kansa.

"Nan kin ji tsoro," yakan ce yana nuna wani lungu. "Kin sa ruwan toka don kada a yi maki dariya."

"Kai ba ka jin tsoro?"

"Ina ji. Tun ran da kika tsaya a rumfata."

Da damina ta tsaya, kawunnan Ilu suka shirya suka tafi Kurfi neman aure. Alhaji Sodangi ya karɓe su da mutunci, aka kawo masu ruwa da fura. Da suka faɗi abin da ya kawo su, ya ajiye carbinsa ya dube su.

"Ni ba na yi wa ɗiyata dole," ya ce. "Amma ba zan ɗauke ta da hannuna in ba ɗan tasha mai shafe-shafen fenti ba. Ku yi haƙuri."

Kowa a Kurfi ya san inda zuciyar Alhaji ta karkata. Akwai Rabe, ɗan amininsa, wanda ya sayi sabuwar mota mai bodin katako, shi ke ɗaukar wa Alhaji gero da dawa zuwa Katsina. Rabe ya daɗe yana aiko wa Rekiya turare da atamfa, ita kuma tana mayar da godiya kawai.

Da labarin ya iso Dutsin-Ma, Rekiya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta naɗe takardar kalandar ta ajiye. Ta ɗauko wani faffaɗan allon katako da Ilu ya goge mata tun tuni, tana jin tsoron taɓa shi. Wannan karon ba titin Turawa ta zana ba. Layin gidansu na Kurfi ta zana daga ka: zauren mahaifinta, da durumin ƙofar gida, da jakuna ɗauke da buhuna, da mata masu tallar nono. Bangon ta yi shi ja jawur. Gidan ya ɗan karkata. A kan dakali ga mutum zaune cikin babbar riga, ya cire takalmin hagu, buta a gefensa, ba fuska.

Ana gobe za a ba da hutu ta kira Ilu zaure ta buɗe masa. Ya daɗe yana kallon allon. Da ya yi magana muryarsa ta dishe.

"Rekiya, wannan ba kwaikwayo ba ne. Wannan naki ne."

"Ka ajiye mani. Ba zan iya kai shi gida ba, ba kuma na son kowa ya gani."

"Ko ƙuda ba zai gani ba, Shuɗiyata."

Ya naɗe shi cikin buhu ya tafi da shi, ita kuma washegari ta hau mota zuwa Kurfi.

Ranar kasuwar Kurfi da hantsi, tana tsakar gida tana taya mahaifiyarta, Inna Ma'u, tankaɗen gari, sai suka ji hayaniya a waje. Ba irin ta kasuwa ba. Ana dariya, ana salati, mota na ta danna oda. Rekiya ta yafa gyale ta leƙa ta ƙofar zaure.

Motar Rabe ce tsaye a ƙarƙashin durumi, jama'a sun yi mata zobe. A jikin ƙyauren bayanta, an kafe da manyan ƙusoshi, ga allonta.

Rariyar da ke hannunta ta faɗi.

"Wallahi gidan Alhaji ne," wani yake cewa. "Dubi durumin."

"An karkatar da shi kamar zai rushe."

"Ga Alhajin nan a dakali, har da butarsa. An shafe mashi fuska."

Wata tsohuwa ta yi tofi gefe. "Wanga ba zane ba ne, sammu ne. Jan bangon nan jini ne."

Rabe na tsaye a gefen mota da sabuwar hula, yana girgiza kai kamar abin ya dame shi.

"Ɗan fentin nan na Dutsin-Ma ya sayar mani," yake faɗa da ƙarfi. "Na ce ya yi mani ado, ban lura da abin da ya yi ba sai da na ratso kasuwa mutane suka nuna mani. Don an hana shi aure shi ne ya yi wa Baba Alhaji haka."

Sai ga Alhaji Sodangi ya taho daga rumfar hatsi. Jama'a suka dare. Ya tsaya gaban allon, ya dube shi sama da ƙasa, leɓensa na motsi ba sauti. Rekiya ba ta taɓa ganin rawanin mahaifinta na rawa ba sai ran nan.

"A ɓamɓare shi," ya ce a hankali. "A kai mani zaure. A aika Dutsin-Ma yaron nan ya zo."

Rekiya ta koma ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Kunyar da ta jawo wa mahaifinta na cin ta, amma akwai abin da ya fi wannan zafi. Ilu ya sayar. Abin da ta zuba zuciyarta a ciki ta damƙa masa amana, ya miƙa wa Rabe a tsakiyar tasha. Ta tuna yadda muryarsa ta dishe a zaure, ta rasa yadda mutum zai iya yin haka da murya kuma ya yi wancan da hannu.

Da yamma wata mata da ta dawo daga Dutsin-Ma ta kawo mata guntun kwali daga Gwaggo. Ta ga rubutun Ilu da fensir a bayansa. Ba ta karanta ba, ta tura shi cikin murhu.

Washegari bayan azahar Ilu ya iso, Gwaggo Kande na biye da shi, ta bar tandarta a rufe. Aka zauna a zaure: Alhaji, da limamin unguwa, da Rabe, da Ilu a durƙushe kusa da ƙofa. An jingina allon a bango. Gwaggo ta shiga ciki ta kamo hannun Rekiya ta tsayar da ita bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da gida.

"Tsaya nan ki ji da kunnenki," ta raɗa mata. "Ilu Katsina ya tafi sayen fenti, Rabe ya zo rumfar gyaran ƙyauren motarsa ya binciko buhun a ƙarƙashin benci. A gabana ya fita da shi, na ɗauka aike ne."

Kafin Rekiya ta gama haɗiye wannan, ta ji muryar mahaifinta.

"Kai ka sayar mashi?"

"Ban sayar ba, Alhaji. Ba na nan aka ɗauka."

"Ƙarya yake," in ji Rabe.

"Bari wannan tukuna," in ji Alhaji. "Wa ya zana?"

Rekiya ta matso jikin ƙyauren. Ta cikin tsagar ƙyaure tana hango ƙeyar Ilu da yatsunsa da ya dafa ƙasa da su.

"Ni na zana."

"Ka san abin da kake faɗi? Gobe zan kai ka gaban alƙali kan ɓata suna. Ba mai mota da zai sake ba ka aiki daga nan har Katsina."

"Na sani, Alhaji. Ni na zana. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taya ni. Abin da duk za a yi, a yi mani."

Rekiya ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Mutumin da ta kwana tana tsine wa a zuci, ga shi yana miƙa sana'arsa da sunansa don kada a ambaci nata. Ba ta san lokacin da ta tura ƙyauren ba. Ta shiga ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ba gaskiya ya faɗa ba. Ni na zana."

Carbin Liman ya tsaya. Ilu ya rufe ido. Rabe ya buɗe baki, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

"Ke?" in ji Alhaji. "Rekiya, tashi ki koma ciki. Kada ki ɗaukar wa kanki abin da ba naki ba."

"Nata ne, Sodangi," Gwaggo ta ce daga bakin ƙofa. "A bayan ɗakina aka yi shi. Bulata ce a sararin samaniyar nan."

Alhaji ya juya ya dubi allon, ya dubi ɗiyarsa, ya sake duban allon. Da ya yi magana, ba faɗa a muryarsa, sai wani abu da ya fi faɗa nauyi.

"Me na yi maki da za ki rushe mani gida a idon duniya?"

"Ban rushe shi ba, Baba." Hawaye na zuba a kan tabarma, amma muryarta ta tsaya. "Duk ran da mota ta ɗauke ni zuwa Dutsin-Ma, ina waiwayen gida har mu sha kwana. Haka nake ganin shi ta cikin hawaye, a karkace, kamar yana son ya biyo ni."

"Jinin da ke bango fa?"

"Ba jini ba ne. Rana ce. In la'asar ta yi sakaliya haka bangonmu yake."

Alhaji ya mayar da ido kan allon. Can ya nuna mutumin da ke kan dakali.

"Fuskata fa?"

"Na ji malamai na cewa kada a cika sura, shi ya sa ban ji tsoron barin ta ba. Kuma Baba, tun da na yi wayo ban taɓa ɗaga ido na ƙare wa fuskarka kallo ba. Da zamanka na san ka. Da yadda kake cire takalmin hagu in ƙafar na ciwo, da inda kake ajiye buta. Abin da na sani shi na zana."

Liman ya matsa kusa da allon, ya lumshe ido yana dubawa.

"Alhaji," ya ce, "duk kasuwar Kurfi ta gane ka jiya, kuma ba ido ba hanci. Ni ban ga zagi a nan ba. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana kallonka da ƙauna."

Alhaji ya sa gefen rawani ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya wurin Rabe.

"Kai a zatonka zagina aka yi?"

"Ƙwarai, Baba Alhaji, shi ya sa na..."

"Ka ga abin da kake zaton zagina ne, ka sa ƙusa ka kafe shi a motarka, ka ratsa kasuwa da shi kana danna oda. Ko sayar maka aka yi, ko ɗauka ka yi, hanyar zaurena ba ta ɓace maka ba. Tashi ka tafi. Zan yi magana da mahaifinka."

Rabe ya fita bai ko sa takalminsa daidai ba.

"Kai kuma," Alhaji ya ce wa Ilu, "ka yi mani ƙarya a cikin zaurena, a gaban Liman."

"Na yi, Alhaji. A gafarce ni."

"Koma Dutsin-Ma."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ilu ya tashi ya fita, Rekiya ba ta ko sami ganin idonsa ba.

Kwanaki suka wuce Alhaji bai ta da maganar ba. Allon na nan a zaure an juya fuskarsa bango. Rekiya na kai masa abinci ta ajiye ta fita, shi kuma ya ce sannu kawai. Inna Ma'u ta ce ta yi ta addu'a, ba ta taɓa ganin shi haka ba.

Wata la'asar aka ce Baba na kira a waje. Rekiya ta fita. Ba a kan dakali ta same shi ba. Ya tsallaka hanya ya tsaya can gindin durumi, hannuwansa a baya, yana kallon gidansa. Rana ta sunkuya ta bugi bangon, ya yi ja kamar garwashi.

"Shekara talatin da na gina bangon nan," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Kullum ina jingine da shi. Ban taɓa tsallakowa na gan shi ba."

Ta matso ta tsaya a gefensa tana kallon bangon.

"Yaron nan, yana salla a kan lokaci?"

"Gwaggo ta ce shi ke share masallacin tasha."

"Yayata ba ta yabon mutum a banza." Ya gyara tsayuwa. "Wanda zai yarda a kai shi gaban alƙali don kada a ambaci sunanki a kasuwa, ba zai wulaƙanta ki a ɗaki ba. A gaya wa mutanen Wurma su dawo."

Rekiya ta durƙusa a nan cikin ƙura, ta fashe da kuka.

Da Gwaggo za ta koma Dutsin-Ma, Rekiya ta ba ta guntun kwali.

"Malamina, na zarge ka kwana ɗaya, na ƙona saƙonka ban karanta ba. Ka yafe mani. Me ka rubuta a ciki?"

Amsar ta zo cikin wani buhun gero da aka dawo da shi wofi daga Dutsin-Ma.

"Shuɗiyata, cewa na yi kada ki fito, ki bar ni da su. Na gode wa Allah da ba ki karanta ba."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Sodangi. Mutanen Wurma suka zo a kan jakuna da kekuna, direbobin tasha suka jera motocinsu tun daga durumi har bakin kasuwa, Gwaggo Kande ta toya wainar da sai da aka raba har unguwa ta uku.

Da mata suka je jere a ɗakin amarya a Dutsin-Ma, suna ta fito da tasoshi da kwalla da langa, sai suka tarar da wani akwatin katako mai nauyi da ba wadda ta san abin da ke cikinsa. Inna Ma'u ta ce Alhaji ne ya sa a mota da hannunsa, ya ce kada a buɗe sai a ɗakinta.

Aka ɓalle murfin. Gwangwanayen fenti ne sababbi ful, ja da kore da ruwan ɗorawa da shuɗi, da damin buroshi daga kantin Katsina.

Mata suka yi cirko-cirko suna duban juna. Wata ta riƙe haɓa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin fenti a kayan ɗaki ba. Gwaggo ta ture ta gefe, ta kwashe tasoshin da ke saman jere, ta shirya gwangwanayen a wurinsu ɗaya bayan ɗaya.

Da aka kawo amarya, Ilu ya shigo da abokansa aka yi addu'a suka fita. Ya zauna gefen gado, ya ɗaga mayafinta a hankali. Ita ba shi take kallo ba, saman jere take kallo, hannunta a baki.

"Baba ne?" ta ce.

"Shi ne. Ya tsaya a rumfata ya tambaye ni irin wanda ba ya koɗewa."

Ta kifa kanta a kafaɗarsa tana dariya tana kuka, shi kuma ya riƙe hannunta mai lalle yana cewa Alhamdu lillahi.

Allah Ya sa albarka a auren Rekiya da Ilu, Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya saka wa iyayen da suka sauko don farin cikin 'ya'yansu da gidan Aljanna. Amin.